Shekarar da Aka Ce Gogen Baffa Ya Ɗaure Ruwa

Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Baffa, ƙanin mahaifina, ta zo Talata bayan azahar, a ɗakinsa, a ƙauyenmu da ke ƙasar Bagwai. Kwana huɗu ya yi yana jinya. Kafin magariba an yi masa sutura, an kwantar da shi kusa da yayansa.

Ni na karɓi gaisuwa a ƙofar gida, domin ni ne babba a cikin mazan da suka rage. Aikin duba-gari na yi har na yi ritaya, kuma aikin ya bar mini ɗabi'ar lura da kasa abubuwa. Saboda haka na kasa masu ta'aziyya kashi uku.

Kashi na farko dattawa ne da malamai. Kusan dukansu magana ɗaya suka yi bayan addu'a: "Ai ya dace, tunda ya tuba ya ajiye abin nan tun da sauran ƙarfinsa." Sai a amsa da amin, a shafa.

Kashi na biyu jikoki ne da surukai. Su da sungumi suka san shi, da awaki, da zaman gindin masallaci. Wata jikarsa mai karatu a birni ta leƙo zaure ta ce mini, "Baba, wai da gaske tsoho makaɗi ne? Ni fa ko tafi ban taɓa ganin ya yi ba."

Kashi na uku mutum ɗaya ne. A rana ta uku ɗan acaba ya sauke wani tsoho makaho daga Minjibir. Sai da ya yi magana na gane shi: babban mai kiɗan ƙwarya na Baffa ne a zamanin da. Aka ja shi zuwa tabarma. Ya yi addu'a gajeruwa, bai ce kowa ya tuba ba. Sannan ya ɗaga fuska ya ce, "A cikin waɗanda suka zo masa da sanduna, su wa suka rage?"

Dattawa biyu suka tuna suna da uzuri, suka shiga laluben takalma.

"To," in ji makahon. "Ashe ba a gaya wa yara ba."

Ba a gaya musu ba. Fiye da shekara arba'in garin nan ya haɗa baki a kan yin shiru, kuma ni ma ina cikin masu shirun. Ilimina bai wuce firamare da allon mahaifina ba, ban iya yi wa magana ado ba. Zan jera abin yadda yake: wane ne shi, me ke tsakaninsa da yayansa, sannan abin da aka yi a shekara ta biyu ta fari.

Baffa mai goge ne, kuma shi ne uban tafiya. Mutum takwas ke bayansa: masu ƙwarya uku, mai kalangu ɗaya, 'yan amshi uku, da sanƙira mai yi wa mutane kirari. Da rani suna birni, suna wasa a otal-otal da gidajen rawa na Sabon Gari, inda direbobi da fatake da ma'aikatan reluwe ke cashewa. Da kaka sai su bi bukukuwa da kalankuwa, daga Tofa har Minjibir. Har a rediyo an sa shi. Ranar muka taru a shagon tela muna ji, mahaifina ya zo ya wuce kamar kunnensa ya toshe.

Ni ba ma'abocin kiɗa ba ne, kuma sau ɗaya na tsaya na kalli wasansa daga farko har ƙarshe, a kalankuwar Tofa, da la'asar. Abin da ya kama ni shi ne tsari. Ba ya yi wa yaransa magana in ana wasa. In ya ɗaga gira, ƙwarya ta sassauta. In babban yatsan ƙafarsa ya bugi ƙasa, kalangu ya shigo. In ɗan amshi ya yi gaggawa ya riga lokaci, ko kallonsa ba ya yi; sai ya sa gogen ya kwaikwayi muryarsa, taro ya fashe da dariya, an yi hukunci ke nan. Yana farawa a hankali, idonsa a ƙasa, har sai ya ga ƙafar da ta fara motsi a cikin mutane, sannan ya bi wannan ƙafar. Na ga wani dillalin shanu mai tumbi, da babbar riga, yana juyi har hularsa ta faɗi aka tattake bai sani ba. Baffa yakan ce, "Na gaba ba shi ne mai ƙara ba, shi ne mai saurare." Kuma ba ya sa hannu a abinci sai masu ƙwarya sun ƙoshi, wai tafinsu ya fi nasa shan wuya.

Ni "Alƙali" yake kirana, domin tun ina ƙarami ba na dariya sai da dalili. Ko bayan na yi aure, in ya hango ni sai ya ce, "Alƙali, yau wa za a ɗaure?"

Mahaifina kuwa, wanda kowa ke kira Malam, shi ke karantar da 'ya'yan unguwa a zaurenmu. Shi da Baffa gandu ɗaya suke, rumbu ɗaya, akushi ɗaya. Amma ya kafa sharaɗi tun farko: goge ba zai bi ta zauren da ake karanta Alƙur'ani ba. Baffa bai yi musu ba. In ya dawo daga tafiya sai ya zagaya bayan gida, ya miƙa wa matarsa, wadda muke kira Iya, jakar gogen ta kan danga, sannan ya dawo ya yi sallama a zaure hannu sake, kamar wanda ya fito daga gona. Duk ƙarshen rani sukan yi magana iri ɗaya a bakin akushi.

"Auta, abin nan naka, sai yaushe?"

"Yaya, ana kan hanya."

Sai su ci gaba da cin tuwo. Wannan ce rigimarsu, kuma da farin bai zo ba, da ba ta wuce haka ba.

A shekarar farko ruwa ya ɗauke gero bai gama yin ido ba. Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba. Aka sayar da awaki a wulaƙance. Aka koma garin rogo, aka koma dusa, aka koma ganyen tafasa, har mata suka shiga tonon gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin da ta tara. Sau biyu aka ƙara wa igiyar guga tsawo. Biki ya ɗauke, domin ba a rawa da yunwa. Yaran Baffa suka watse, kowa ya nufi inda yake zaton akwai tuwo, shi kuma ya dawo gida.

Abu ɗaya ya rage mana mai daraja: iri. Gero ne a tulu biyu, an liƙe bakinsu da laka da toka. Wanda bai yi noma ba ba zai gane wannan ba, mutum ya wuni da yunwa alhali ga hatsi kusa da ƙafarsa, bai isa ya taɓa ba. Maiɗakina tana goyon 'yarmu ta fari a lokacin, nono ya janye, yarinya tana kuka ba hawaye. Sau da yawa na kalli tulunan nan na kau da kai.

Ruwan farko na shekara ta biyu ya sauka da hantsi. Ƙasa ta yi ƙamshi, gari ya fita da sungumi, har da masu kukan murna. Malam ya ce in fasa bakin tulu. Sai Baffa ya tare ni.

"Yaya, kada a fasa. Wannan ba ruwan shuka ba ne."

"Wa ya gaya maka?"

"Iska ba ta juyo ba. Fatar gogena ƙam take, kamar tsakiyar rani."

"Auta, tun yaushe ƙwarya da wutsiyar doki suka fara duba? Gari duka ya fita, sai mu? Gobe a ce gidan malam ne ya yanke ƙauna daga rahamar Allah?"

Ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba sai ranar. A ƙarshe Baffa ya hau kan tulu ɗaya ya zauna, ya ce, "To, wannan rabona ne. A raba." Kalmar raba ba a taɓa furta ta a gidanmu ba. Malam ya dube shi, sannan ya ce mini, "Ɗauki ɗayan." Ni da ƙannena muka shuka shi kaf.

Ya tsiro, gona ta yi kore. Kwana goma sha biyu rana ta ƙone shi ƙurmus. Bayan mako uku aka yi wani yayyafi, masu sauran iri suka sake fita. Baffa bai fita ba. Wannan ma ya ƙone.

Daga nan sama ta shiga yi mana wani abu da har yau ban manta ba. Kullum bayan azahar hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, mata su fito da tukwane. Sai iska ta zo ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa sau uku, riguna a juye, har dabbobin da suka rage aka kora zuwa filin idi. Shiru.

Baffa kuwa ya ɗauki wata al'ada. Kowace safiya, rana na leƙowa, sai ya fita bayan gida da gogen, ya fuskanci gabas, ya ƙwanƙwasa fatar da farce, ya ja ɗan bakansa sau ɗaya a kan tsirkiya, ya saurara, ya girgiza kai, ya koma ciki. Sauti ɗaya ne, siriri, mai kaifi. A garin da jakai da zakaru suka yi ƙaranci, irin wannan sauti yana kaiwa nesa.

A ƙasarmu an daɗe ana haɗa goge da 'yan bori da iskoki. Baffa bai taɓa kiɗan bori ba, kiɗan rawa yake yi, amma mai yunwa ba ya tsayawa tantancewa. Tambayoyi uku suka shiga zaga gari. Wane ne bai shuka ba? Ta yaya ya sani? Me yake yi kullum yana fuskantar inda hadari ke tasowa?

Da farko mata suka daina sayen daddawar Iya. Sannan in ta je rijiya sai su janye gugansu. Sannan a masallaci aka fara barin gurbi kusa da Baffa, sai Malam ya matso ya cike. Ba wanda ya faɗi komai a gabanmu. In na doso majalisa sai hira ta mutu, a bi ni da ido har in wuce.

A nan dole in faɗi nawa. 'Yata ta kwanta, idanunta sun faɗa. Safiya uku na laɓe a bayan danga ina kallon Baffa. A ta ukun hadari ya yi sammako, ga shi nan a gabas, baƙi wuluk. Baffa ya ja baka a kan tsirkiya. Kafin hantsi babu ko ɗigon girgije. Na san mutumin nan, a kafaɗarsa na girma, amma ranar zargi ya shiga zuciyata.

Ranar da yamma mai unguwa ya aiko a kira ni. Na tarar da dattawa biyar a zaurensa.

"Kai ɗan gida ne," in ji mai unguwa, "kuma ba a san ka da ƙarya ba. Ka gan shi ko ba ka gan shi ba?"

"Na gan shi."

"Ina yake fuskanta?"

"Gabas."

"Hadarin fa?"

"Ya watse."

Ban ƙara ba, ban rage ba. Na fito ina gaya wa kaina gaskiya na faɗa. Ban gaya wa kowa a gida ba. Amma Iya ta ji ƙishin-ƙishin a wurin mata, ta ɓoye gogen a ƙarƙashin gado, ta rantse ba zai sake fita da shi ba. Kwana biyu ba a ji sautin ba.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, wajen la'asar, suka zo. Ina tsakar gida na ji takun ƙafafu da yawa, babu magana. Wannan shirun ya fi ihu ban tsoro. Na leƙa ta zaure. Maza ne cike da ƙofar gida, da sanduna, wani riƙe da damin kara yana ci da wuta. Duk na san su. Ga wanzamin da ya yi wa 'yata askin suna. Ga surukina, uban maiɗakina. Idanunsu sun zurma, wuyansu duk jijiya.

Malam ya tashi daga kan buzunsa ya tsaya a bakin ƙofa. Ya rame har riga tana lilo a jikinsa.

Mai unguwa ya ce, "Malam, ba da kai muke ba. Abu biyu ne. A fito da gogen a ƙona. Shi kuma ya bar garin nan kafin faɗuwar rana gobe."

Malam ya ce, "Kun san ba na son abin nan. Shekara talatin ina faɗa da shi. Amma wanda zai ƙona shi ya fara kawo mini ayar da ta ce ƙwarya tana riƙe ruwan Allah. Sau uku kuka fita kuka roƙi Ubangiji, yanzu kun zo kuna gaya mini wutsiyar doki ta fi ƙarfin roƙonku? Ku ne ya kamata ku sake kalmar shahada, ba shi ba."

Wani ya ce, "Malam, 'ya'yanmu mutuwa suke yi."

"Na sani. Ni nake musu salla."

Sai dutse ya taso daga baya, ya sami Malam a kafaɗa. Ya dafa bango. Taro ya matso taku ɗaya, gaba ɗaya, kamar mutum ɗaya. Ni ina tsaye a bayansa, ban iya ɗaga ƙafa ba. A lokacin na ji muryar Baffa.

"Yaya, matsa mini."

Ta cikin zaure ya biyo, gogen a hannunsa, ko jaka babu. Malam ya kalli abin, ya kalli allunan da ke jingine, sannan ya matsa.

Baffa ya zauna a ƙasa a gabansu, kamar yadda yake zama in zai yi wasa. Na gaba suka ja da baya. Ya nemo badukun garinmu da ido.

"Baduku, kai ka san fata. Da damina yaya take yi?"

Baduku ya ce, "Takan saki."

"Da rani fa?"

"Ta ɗame."

"To, iyakar karatun nawa ke nan. Wannan fatar damo ce. In iskar ruwa ta juyo, kwana biyu ko uku kafin ruwan kirki, sai ta sha laima ta saki, murya ta dushe, sai na gasa ta a wuta kafin in yi wasa. Shekara talatin ina gasa ta. Bana ko sau ɗaya ba ta saki ba. Ba korar hadari nake yi ba, jama'a. Tambaya nake yi, kamar yadda kuke tona ƙasa da hannu. Ku saurara ku ji yadda take ƙara kamar ƙarfe."

Ya ja baka.

Abin da ya fito ba ƙarar ƙarfe ba ne. Wata murya ce dusasshiya, mai nauyi, kamar tsohon da mura ta kama. Hannun Baffa ya tsaya cak. Ya ƙwanƙwasa fatar. Ya sake ƙwanƙwasawa. A kwana biyun da gogen ya yi a ƙarƙashin gado, fata ta saki, shi bai sani ba.

Wani ya ce, "Kun ji ko? Ya ga wuta, ya saki!"

Wani ya ce, "Dabara ce, so yake mu watse."

Baffa ya ɗaga kai. Ya ce, "Ku je ku gyara sungumi. Jibi, ko gata."

Mai unguwa ya ce, "In gata ta wuce fa?"

"Ba sai kun zo da sanda ba."

Da suka tafi, Malam ya zauna yana dafe da kafaɗa. Ya ce, "Auta, ka san abin da ka yi? In bai zo ba, ka bar gari. In ya zo, sun ce kai ka sake shi."

"Na sani, Yaya. Amma akwai masu ɗan sauran iri da za su dafa shi gobe in na yi shiru."

Kwana ukun nan zan faɗe su a taƙaice, domin ba na son daɗewa a cikinsu. Asabar sama ta wuni fara fat. Maza biyu suka zauna a gindin darbejiyar da ke kallon ƙofarmu, in sun gaji wasu su karɓe su. Iya ta ɗaure kayanta a zane, tana yi tana tambayar ina za a je. Lahadi hadari ya taso, ya yi baƙi, muka fito muka tsaya, iska ta watsa shi. Na ji wani a gindin bishiyar ya yi dariya, wata irin dariya da ban taɓa ji ba. Litinin da safe Baffa ya sa rigar tafiya da takalmi, ya zo ya zauna a zaure kusa da yayansa. Ni ina tsugune a lungu, ina roƙon ruwa, kuma Allah ya sani ba don gero nake roƙo ba.

Bayan azahar wata iska mai sanyi ta shigo zaure ta kwantar da allo ɗaya. Ba a yi rugugi mai yawa ba. Ruwa kawai ya kece. Aka yi ta yi har magariba, har kududdufi ya kawo. Da ya tsagaita na fita na tona ƙasa har gwiwar hannu, laima ce har ƙasa.

Na zaci an gama. Ashe abin da ya fi ba Baffa tsoro yana gaba.

Talata da sassafe muka tarar da mutane a ƙofar gida. Babu sanda ko ɗaya. A tsugune suke. Surukina ya cire hula. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta binne jikoki biyu a ranin nan, ta rarrafo da zakara a hannu, ina jin shi kaɗai ya rage a unguwar. Ta ajiye shi a gaban Baffa.

"Mun tuba," in ji ta. "Ga wannan, a ba su. Don Allah kada a sake ɗaurewa."

"A ba su wa, Inna?"

"Kai ka san su."

Ranar sanduna ban ga Baffa ya yi rawar jiki ba. Ranar nan na gani. Ya juya wurin Malam ya ce, "Yaya, sanda ba ta ba ni tsoro kamar zakaran nan ba. Da sanda ni kaɗai za su kashe. Da wannan kansu za su halaka, kuma a wuyana. Duk shekarar da ruwa ya yi jinkiri za su dawo, ko da wannan ko da waccan."

Ya ce a ba shi wuƙar da Malam ke fiƙe alƙalami. Ya aika Iya ta ɗauko gogen. A gaban kowa ya sa wuƙa ya yanke tsirkiya, gashin ya barbaje. Ya tsaga fatar daga sama har ƙasa, ya ɓare ta. Sannan ya ɗaga ƙwaryar ya juya musu cikinta.

"Ga shi nan. Ku leƙa. Ƙwarya ce, irin wadda kuke shan fura. Babu kowa a ciki."

Ba wanda ya yarda ya karɓa sai baduku. Ya leƙa, ya shinshina, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka ta zaga hannu-hannu.

"Daga yau," in ji Baffa, "in ruwa ya zo, ba ni ba ne. In ya ƙi, ba ni ba ne. Inna, ɗauki zakaranki ki yanka wa jikanki da ya rage."

Na ɗauka Malam zai yi hamdala, tunda abin da ya nema shekara talatin ke nan. Bai yi ba. Ya shige zaure ya juya wa ƙofa baya, bai fito ba sai azahar.

Baffa da kansa ya fasa bakin tulunsa. Ya raba irin biyu. Rabi na gandunmu, rabi aka bi gidajen da ba su da ko ƙwaya, har da gidan wanda ya jefi Malam, domin an san shi. Abin da aka girbe a shekarar bai taka kara ya karya ba, amma ya riƙe rai. 'Yata ta tashi. Yau tana da jikoki.

Bai sake taɓa goge ba. Da abubuwa suka daidaita yaransa sun zo daga birni har sau uku, da sabon goge a jaka, suna roƙonsa. Ya ce musu hannu ya manta. Hannu bai manta ba. Ya auna ne tsakanin sana'ar da ta kai sunansa rediyo da garin da ya zo masa da wuta, ya zaɓi garin. Hukuncin kiɗa na malamai ne, ban isa in sa baki ba. Abin da na gani da idona shi na rubuta.

Saura abu ɗaya. A ranar nan ta Talata da aka kawo zakara, da hantsi, muka fita shuka. Shuka mutum biyu ke yin ta: na gaba yana sara da sungumi, na baya yana zuba iri yana rufewa da diddige. Baffa ke gaba, ni ina binsa. Mun yi kunya uku ba magana. A ta huɗu na kasa riƙe maganar.

"Baffa."

"Na'am, Alƙali."

"Ni ne na gaya wa mai unguwa na gan ka."

Bai juyo ba. Sungumi ya ci gaba da sauka, sara bayan sara, a kan lokaci, ko ɗaya bai kuskure ba.

"Na sani tun ranar," in ji shi. "Ai ka gan ni ɗin."

Na tsaya, iri a tafina, na kasa gaba na kasa baya.

"Taho mana, ƙasa na bushewa. Kuma rage hannu, biyar-biyar za ka riƙa zubawa. Irin ba yawa."

Ya Allah, Ka sa ƙasar da ya ƙi bari ta yi masa taushi. Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da yayansa a inuwar da ba ta gushewa. Mu kuma da muka tsorata, masu sanda da masu shaida, Ka yafe mana kafin tamu ranar ta zo. Amin.